SARRAFA JERI A HARSHEN PYTHON: DABARU GOMA SHA ƊAYA DA TARKUNAN DA KE CIKINSU

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji, ko ya rubuta sunayen masu zubin adashi, ko ya tsara takardar cefanen biki, to ya san abin da ake kira jeri, ko da kuwa bai taɓa zama gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa ba. Jeri shi ne abubuwa da dama da aka jera bi da bi, kowane yana da gurbinsa, akwai na farko akwai na ƙarshe. Mai riƙe da irin wannan takarda kuwa ba ya rasa ɗayan ayyuka kaɗan: ya ƙara suna, ya soke suna, ya nemi suna, ya ƙirga, ko ya sake tsara sunayen gaba ɗaya.

Waɗannan ayyuka su ne dai kwamfuta ke yi dare da rana a ofisoshin jarrabawa da bankuna da asibitoci, illa iyaka ita tana yin su ne a kan sunaye dubbai ko miliyoyi cikin ƙiftawar ido. To amma fa saurin nan yana da haɗarinsa, domin idan akawu ya yi kuskure a layi guda, suna guda ne ya ɓaci, ita kuwa na'ura idan aka ba ta umarni karkatacce sai ta maimaita kuskuren a kan kowa da kowa ba tare da ta ce uffan ba. A wannan maƙala za mu duba ginannun dabarun da harshen Python ya tanadar don sarrafa jeri, da yadda suke aiki a cikin cikin na'ura, da kuma wuraren da masu koyo, har ma da gwanaye, suka fi yin tuntuɓe.

Taƙaitaccen Tarihi

Tunanin sarrafa jeri da kwamfuta ya girmi Python nesa ba kusa ba. Tun a shekarar 1958 wani masanin lissafi Ba'amurke mai suna John McCarthy ya ƙirƙiro harshen Lisp a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, kuma ma'anar sunan harshen kanta ita ce sarrafa jeri. Shi kuwa Python, wani ɗan ƙasar Holan ne mai suna Guido van Rossum ya fara rubuta shi a watan Disamba na 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken lissafi da kimiyyar kwamfuta ta CWI da ke birnin Amsterdam, aka fitar da shi ga jama'a a watan Fabrairu na 1991. Mai karatu zai iya zaton daga mesa aka samo sunan, alhali kuwa daga wani wasan barkwanci na gidan talabijin na BBC ne, mai suna Monty Python's Flying Circus, wanda van Rossum yake sha'awa. An fitar da Python 2 a shekarar 2000, sannan Python 3 a 2008, kuma tun daga 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da na biyun. Saboda haka duk misalan da za mu kawo na Python 3 ne.

Siffar Jeri

A Python ana rubuta jeri ne cikin baka mai kusurwa, a raba abubuwan da waƙafi, kamar haka:

    ɗalibai = ["Audu", "Binta", "Ladi"]

Mai karatu ya lura da cewa sunan da muka raɗa wa jerin da harafin ɗ ya fara, kuma na'ura ba za ta ƙi shi ba, domin Python 3 ya yarda a yi amfani da haruffan harsuna dabam-dabam wajen raɗa suna. Abu na biyu da ya kamata a riƙe shi ne, ƙirgan gurabe daga sifiri yake farawa. Wato Audu yana gurbi na 0, Binta na 1, Ladi na 2. Lambar gurbi tana nuna yawan takun da za a yi ne daga bakin jeri kafin a kai ga abu, shi ya sa wanda ke bakin ba ya bukatar taku ko ɗaya. Haka kuma ana iya ƙirgowa daga baya, inda gurbi na -1 yake nufin na ƙarshe.

Abin da muke kira dabara a nan kuwa shi ne wani aiki da aka riga aka gina a jikin kowane jeri, wanda ake kiransa ta hanyar rubuta sunan jerin, a sa ɗigo, a biyo da sunan aikin. Irin waɗannan dabaru guda goma sha ɗaya ne: append, extend, insert, remove, pop, clear, index, count, sort, reverse da copy. Biyu daga cikinsu, wato clear da copy, sai a Python 3.3 na shekarar 2012 aka shigo da su.

Dabarun Ƙari

Uku ne ke ƙara abu a cikin jeri. Ta farko, append, takan liƙa abu guda a ƙarshen jeri, tamkar sabon ɗalibin da aka rubuta sunansa a ƙasan rajista. Ta biyu, extend, takan karɓi wani jerin ta zazzage abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya a ƙarshen na farko. Ta uku, insert, takan cusa abu a gurbin da aka ambata mata, sauran su matsa gaba.

    ɗalibai.append("Tanko")
    ɗalibai.extend(["Jummai", "Sani"])
    ɗalibai.insert(0, "Talatu")

Bayan waɗannan layuka uku jerin ya zama na mutum bakwai, Talatu ce a gaba, Sani a ƙarshe. Bambancin append da extend yana da muhimmanci ƙwarai. Da a ce a layi na biyu append muka rubuta, da na'ura ta ɗauki Jummai da Sani a matsayin ƙunshi guda ta ajiye su a gurbi ɗaya, a wayi gari ƙirga ya nuna mutum shida alhali bakwai ne. Haka nan wanda ya miƙa wa extend suna guda tsirara, alal misali "Sani", zai tarar ta wargaza shi ta ƙara haruffa huɗu, S da a da n da i, kowane a gurbinsa.

Dabarun Cirewa da Bincike

Wajen cirewa ma dabaru uku ne. Ita remove suna ake ba ta, ta bi jeri daga farko har ta ci karo da shi ta cire. To amma na farkon da ta tarar kaɗai take cirewa. Idan akwai Audu biyu a aji, kuma na biyun ne ya bar makaranta, to wanda bai ji ba bai gani ba shi za a soke. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu tsara bayanan ɗalibai suke dogara da lambar rajista maimakon suna. Idan kuwa abin da aka nema babu shi sam, sai manhaja ta tsaya cak da saƙon kuskure mai suna ValueError.

Ita kuwa pop lambar gurbi ake ba ta, ta cire abin da ke wurin kuma ta miƙo shi ga mai nema, idan ba a ambata mata gurbi ba sai ta ɗauko na ƙarshe. Dabarar clear kuma share jeri take yi ƙaf, ta bar shi fanko.

Na bincike guda biyu ne, kuma ba sa taɓa komai a jikin jeri. Dabarar count takan faɗi sau nawa abu ya bayyana, index kuma takan faɗi gurbin da ya fara bayyana. A jerin maki [45, 72, 60, 72, 38], count za ta ce 72 ya zo sau 2, index kuma ta ce yana gurbi na 1.

Abin da Ke Faruwa a Cikin Na'ura

A idon mai rubutu append da insert tagwaye ne, amma a wurin na'ura tsakaninsu akwai tafiya mai nisa. Python yakan ajiye jeri ne a matsayin gurabe manne da juna a cikin ma'ajiyar kwamfuta, tamkar dogon bencin makaranta. Kowane gurbi yana riƙe ne da adireshin inda abin yake, ba abin kansa ba. Duk lokacin da benci ya cika, na'ura takan nemi wanda ya fi shi tsawo da kimanin kashi ɗaya cikin takwas, domin a sami rarar wuri a ƙarshe. Saboda wannan rara, ƙara abu a ƙarshen jeri ba ya cin lokaci, ko jerin na mutum goma ne ko na miliyan.

Shi kuwa wanda ya ce lalle a bakin benci zai zauna, dole ne kowa ya matsa masa. Idan jeri na da abu miliyan ɗaya aka yi insert a gurbi na 0, to abu miliyan ɗaya ne zai gusa. Haka abin yake ga pop idan aka ce ta cire na farko. Wanda ya mai da jeri layin jira, yana ta cire na gaba har miliyan ɗin nan su ƙare, ya sa na'ura ta yi gusawa kusan sau biliyan 500. Don irin wannan aiki ne aka tanadi wani tsari na dabam mai suna deque tun a Python 2.4 na 2004, wanda ake ƙara masa ko a rage masa ta kowane ɓangare ba tare da an tayar da kowa ba. Su ma remove da index da count sai sun bi jeri ɗaya bayan ɗaya, don haka tsawon jeri shi ne tsawon aikinsu.

Sarauniyar Dabaru

Dabarar reverse juya jeri kawai take yi, na ƙarshe ya koma na farko. Amma wadda ta fi kowace zurfin ilmi ita ce sort, mai tsara jeri daga ƙarami zuwa babba, ko daga babba zuwa ƙarami idan aka rubuta mata reverse=True. Hanyar da mutum zai fara tunani, wato gwada kowane abu da kowane, tana bukatar gwaji kusan biliyan 500 a jeri mai abu miliyan ɗaya. Hanyoyin da masana suka gano na raba jeri gida-gida a tsara sannan a haɗe, ba sa wuce gwaji kimanin miliyan 20.

A shekarar 2002 wani gwanin Python mai suna Tim Peters ya fito da hanyar da ake kira Timsort, wadda aka fara amfani da ita a Python 2.3 na 2003. Hikimarsa ita ce lura da cewa bayanan da mutane ke tarawa ba safai suke zuwa a hargitse gaba ɗaya ba. Rajistar da aka tsara bara, aka ƙara mata sunaye ashirin bana, mafi yawanta a tsare take. Don haka sai hanyar tasa ta fara neman sassan da suka riga suka jeru, ta bar su yadda suke, ta haɗa su da juna. Idan jeri ya zo mata a tsare tun asali, bi ɗaya take yi ta gama. Harshen Java ya ari wannan hanya a fitowarsa ta bakwai a 2011, haka ma manhajar wayoyin Android.

Duk da haka, a shekarar 2015 wasu masana daga Holan da Jamus, cikinsu har da na cibiyar CWI inda aka haifi Python, sun yi ƙoƙarin tabbatar da ingancin Timsort ta hanyar hujjar lissafi, sai suka gano wani ɓoyayyen kuskure a yadda take haɗa sassa, wanda ya shafe fiye da shekara goma ba a lura da shi ba. An gyara shi. Daga baya kuma, a Python 3.11 na 2022, aka sauya ƙa'idar haɗa sassan da wata sabuwa mai suna Powersort, wadda Ian Munro da Sebastian Wild suka bayyana a 2018.

Wata kyakkyawar ɗabi'ar sort ita ce ba ta sauya matsayin abubuwan da suka yi kunnen doki. Idan aka fara tsara ɗalibai bisa haruffan sunayensu, sannan aka sake tsara su bisa maki, to duk waɗanda makinsu ya zo ɗaya za su ci gaba da bin tsarin haruffa a tsakaninsu.

Inda Haruffan Hausa Suka Shigo

A nan akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. Na'ura ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, babban A shi ne 65, babban Z kuma 90, ƙananan haruffa daga a zuwa z suna tsakanin 97 da 122. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa can nesa aka ajiye su: Ɓ shi ne 385, Ɗ 394, Ƙ kuma 408. Da waɗannan lambobi sort take auna kalmomi. Dubi abin da ke biyo baya:

    sunaye = ["Ɗanladi", "Zainab", "Dauda", "Ƙasimu", "Kabiru", "Bala"]
    sunaye.sort()

Sakamakon shi ne Bala, Dauda, Kabiru, Zainab, Ɗanladi, Ƙasimu. Wato an tura Ɗanladi da Ƙasimu bayan Zainab, inda mai duba allon sanarwa ba zai neme su ba. A ƙananan haruffa abin ya fi muni, domin ƙ lambarsa 409, ɓ kuwa 595, ɗ 599, don haka sai kalmar ƙasa ta riga kalmar ɓera. Kalmomi irin su 'ya'ya, yadda ake rubuta su a Nijeriya da alama a gaban y, su kuma tsalle suke yi zuwa saman jeri, saboda lambar alamar da ke kan allon rubutu 39 ce, ƙasa da ta A. A rubutun Nijar, inda ake amfani da ƴ mai lamba 436, sai su koma bayan z.

Maganin wannan yana cikin wata ƙofa da aka buɗe wa sort tun a Python 2.4, wadda ake kira key. Ta wannan ƙofa mai rubutu yakan gaya wa na'ura ma'aunin da za ta yi awo da shi:

    haruffa = list("abɓcdɗefghijkƙlmnoprstuwyz")
    def matsayi(suna):
        return [haruffa.index(h) for h in suna.lower()]
    sunaye.sort(key=matsayi)

Abin da muka yi shi ne, mun jera haruffa bisa tsarin da ɗan makaranta ya sani, muka sa dabarar index ta mai da kowane harafi lambar gurbinsa a wannan jeri namu. Yanzu sakamako ya zama Bala, Dauda, Ɗanladi, Kabiru, Ƙasimu, Zainab. Sai dai a kula, ajinmu ba na Hausawa kaɗai ba ne. Ranar da sunan da ke da v ko q ko x ya shigo, ko suna biyu masu tazara a tsakani, index za ta rasa abin da aka tambaye ta manhaja ta tsaya, sai an ƙara waɗannan a cikin jerin haruffan.

Tarkuna Huɗu

Hausawa kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Ga kurakurai huɗu da marubucin wannan maƙala ya sha gani a ayyukan masu koyo, waɗanda munin yawancinsu shi ne na'ura ba ta yin gargaɗi a lokacin da aka tafka su.

Na farko shi ne rubuta maki = maki.sort() da nufin adana sakamako. Dabarar sort a jikin jerin take aikinta, abin da take mayarwa kuwa shi ne None, wato babu. Da gangan aka tsara ta haka, domin a tuna wa mai rubutu cewa an taɓa ainihin jerin. Wanda ya rubuta wancan layi ya ɗora sunan maki a kan babu, jerinsa ya salwanta. Haka append da extend da insert da remove da reverse da clear suke. Mai son sabon jeri tsararre tare da barin na asali yadda yake, sai ya yi amfani da sorted.

Na biyu shi ne zaton cewa rubuta ajiya = maki ya samar da kwafi. Abin da ya faru kawai shi ne jeri guda ya sami suna biyu, kamar mutumin da ake kira Muhammadu a makaranta, Ɗan'asabe a gida. Duk abin da aka goge ta wannan suna ya gogu ta wancan. Dabarar copy ce ke samar da jeri na biyu. Ita ma tana da iyaka, domin adireshi take kwafa, saboda haka idan akwai ƙananan jeri a cikin babban, to tarayya ake yi a kansu. Mai son rabuwa ta har abada sai ya nemi deepcopy.

Na uku shi ne cire abu daga jeri alhali ana cikin bin sa. A ce makin cin jarrabawa 40 ne, ana son a fitar da duk wanda bai kai ba:

    maki = [30, 35, 70, 20, 25, 80]
    for m in maki:
        if m < 40:
            maki.remove(m)

Abin da ya kamata ya rage shi ne 70 da 80, amma abin da zai rage shi ne 35, 70, 25 da 80. Dalili kuwa, da aka cire 30 sai 35 ya matso gurbi na 0, ita kuwa na'ura ta riga ta wuce zuwa gurbi na 1, don haka ba ta duba shi ba. Haka 25 ya tsira bayan cire 20. Mutum biyu da suka faɗi sun shige cikin waɗanda suka ci. Hanya mai aminci ita ce a gina sabon jeri:

    masu_nasara = [m for m in maki if m >= 40]

Na huɗu shi ne lambobin da suka shigo a matsayin rubutu, kamar yadda yakan faru idan an karanto su daga fayil ko daga allon rubutu. Idan aka tsara "85" da "9" da "100" daga babba zuwa ƙarami, na'ura harafin farko take fara dubawa, sai ta ba mai maki 9 na ɗaya, mai 100 kuma ya zo na ƙarshe. Rubuta key=int a cikin sort ya isa ya mai da kowa matsayinsa.

Kammalawa

Mun ga cewa dabaru goma sha ɗaya ne kacal, waɗanda ɗalibi zai iya haddace sunayensu a zama guda. Amma sanin suna dabam, sanin hali dabam. Kafin ya kira kowace dabara, ya kamata mai rubuta manhaja ya tambayi kansa abu uku: shin za ta taɓa ainihin jerin ko kuwa za ta bar shi, me za ta miƙo masa bayan ta gama, kuma yaya aikinta zai kasance ranar da jerin ya tashi daga mutum goma ya koma dubu ɗari. Bayan haka sai ya gwada manhajarsa da ɗan ƙaramin jeri wanda ya riga ya san amsarsa da hannu, ya sa suna biyu iri ɗaya a ciki, da suna mai harafin ƙ, da maki mai lamba guda, ya ga abin da za ta yi da su.

Python kyauta ne, kuma yana aiki a kan ƙaramar kwamfuta ba tare da intanet ba da zarar an saka shi. Muna shawartar mai karatu da ya buga misalan nan da hannunsa, ya sauya su, ya ɓata su da gangan don ya ga irin saƙon da na'ura za ta ba shi, domin gani ya kori ji. Ya kuma riƙa tunawa cewa a bayan kowane gurbi na irin waɗannan jeri akwai mutum, ko ɗalibi mai jiran sakamako, ko ma'aikaci mai jiran albashi, ko majinyaci mai jiran a kira sunansa, kuma hakkinsu yana wuyan wanda ya rubuta umarnin.